Mijin da Aka Kashe a Talla

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki layin bayan tasha ya san Anti Tela. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tabarau ɗaure da zare a bayan kunne, allurai a soke a gefen ɗankwali. Ba ta da surutu, ba ta kuma da alkawarin ƙarya, abin da ya sa sauran teloli ke ganin ta ɓata musu sana'a. In ta ce ka dawo Laraba, to ka dawo Laraba.

Shagon nata ɗakin gaba ne na gidansu. Keke a bakin taga, teburin yanka, kwalin ƙyallaye a ƙarƙashinsa, sai ƙofa ta biyu mai shiga ɗakin da mijinta yake kwance. Direba ake ce masa har yau, ko da yake ya daɗe rabonsa da sitiyari. Babbar motar fasinja ya ja ta dogon zango tun yana saurayi, shi ne ma ya sayo mata keken ɗinkin nan a wata tafiya. Ranar da hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, harshe ya yi nauyi, amma kunne da hankali ko gezau. Ita ke juya shi, ita ke masa wanka da aski. Ta kafa madubi a bango ta karkata shi, yadda in tana taka keke za ta hango fuskarsa, shi ma ya hango tata. In yana son wani abu sai ya ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi. 'Ya'yansu mata biyu duk suna gidajen aurensu a wasu garuruwa.

Haka suke lallaɓa rayuwarsu, har shekarar zaɓe ta kawo mata Auta. Ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi, yanzu kuwa yana aiki a wani kamfanin talla da ya samu kwangilar tallata ɗan takarar shugaban ƙasa.

"Yaya, fuskarki kawai muke so," in ji shi. "Ki zauna ki yi ɗinkinki, mai girma ya shigo ya gaishe ki, shi ke nan. In na kasa kawo musu mutum, wallahi kujerata ce za ta tafi."

Ta yarda, don ba ta iya ganin idon Auta ya yi ja.

Ranar ɗaukar hoton ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Mutanen kamfanin suka fitar da sabuwar kujerar da take zaunar da masu kawo ɗinki a kai, suka shigo da wani benci mai karyayyar ƙafa da suka taho da shi a mota. Suka cire labule. Wata yarinya mai jan farce ta ce ta sauya zanenta, ya yi kyau da yawa, ta miƙo mata wani koɗaɗɗe mai warin akwati, ta kuma fesa mata ruwa a goshi wai gumi. Madubin ma suka sauke, wai yana dawo da haske. Ƙofar Direba kuwa suka ja ta suka rufe, suka rataya riguna a kanta. Ɗan takara ya shigo, ya riƙe hannunta yana yi wa na'urar ɗaukar hoto murmushi, bai yi zaman shan kofin shayi ba ya fita. Tana kallonsa ta taga yana goge tafinsa da farin ƙyalle, yatsa bayan yatsa. Aka ce ta sunkuyar da kai ta gyaɗa a hankali. Ta gyaɗa, ba ta san abin da take gyaɗa wa ba.

A talabijin ɗin maƙwabta ta sani. Ga ta nan a kan allo, ga kiɗa mai sa tausayi, sai wata murya mai zaƙi ta ce: "Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Ba ta roƙi kowa ba. Shi ba zai manta da ita ba." Daidai kan kalmar rasuwar nan suka liƙa gyaɗa kan nata. Tir da wannan aiki. Mutum yana kwance bayan ƙofa yana numfashi, an binne shi don a samu ƙuri'a. Sai da ta fita bayan gida ta tofar da yawu.

Da ta kira Auta, ko kunya bai ji ba. Wai sun gwada tallar kala biyu a gaban mutanen da suka tara. Da aka ce mai jinyar miji ce, sai mutane suka koma danna waya, don jinya gajiyar da mai kallo take yi. Da aka ce uwar marayu, har da masu share hawaye. "Ba mu muka zaɓa ba, Yaya, jama'a ne."

Abu ɗaya ya rage mata, kada Direba ya ji. Ta zare wayar talabijin ɗinsu ta ce ta ƙone. Ta cire batirin rediyo ta ce ya yi tsada. Ta bi maƙwabta gida gida tana roƙo, suka kama bakinsu, wasu don tausayi, wasu suna ƙunshe dariya. Baƙi ne matsalar. Tallar ta cika gari, masu kawo ɗinki suka ƙaru, kowa kuma sai ya fara da yi mata gaisuwar rashi. Da farko tana gyara musu. Auta ya zo har da durƙuso, wai in 'yan jaridar ɗaya ɓangaren suka ji, kashinsa ya bushe. Sai ta koyi dabara: da baƙo ya buɗe baki ta danna keke da ƙarfi, ƙara ta cika ɗakin, ta amsa ƙasa-ƙasa. Kullum in ta amsa sai ta ji kamar ta haɗiye ƙuda.

Ɗan takara ya ci zaɓe. Bai manta da ita ba kam, don har yanzu hotonta na nan a babban allon mahaɗar titi, rana ta cinye rabin fuskar.

Wata safiya sai ga Auta da sabuwar mota, turarensa ya riga shi shigowa. Ya zauna a kan teburin yanka, ya rage murya, ita kuwa ta ci gaba da taka keke. Kamfaninsu zai yi taro a babban otal, za a koya wa 'yan kasuwa da 'yan siyasa darussan da aka samu daga wannan nasara. Ya shiga lissafa mata su da yatsu, fuskarsa sai ƙyalli take. Kada ka ba mutane alƙaluma, ba su fuska. Magana ɗaya tak, a yi ta maimaita ta har ta zauna. Kada ɗan takara ya yabi kansa, a nemo talaka ya tsaya kusa da shi.

"Ke ce darasin farko, Yaya. Za ki hau dandamali ki zauna kawai. Koɗaɗɗen zanen nan ma mun adana shi."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. Yaron da ta share wa majina ne wannan. Ƙyamarsa ta kama ta, ƙyamar kanta kuma ta fi.

Ba ta kai ga ba shi amsa ba aka yi sallama, da wata murya da ta girgiza taga. Wani dattijo ne mai furfura, jaka a kafaɗa, takalmi duk ƙurar hanya. Kwandasta ne, wanda ya yi shekaru yana bin motar Direba, kafin ya koma garinsu can nesa. Mamaki ya sa ta ɗage ƙafa daga keke, ɗakin ya yi tsit.

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kiran fasinja ba ya iya magana a hankali. Ya tsuguna a bakin ƙofa, hawaye na bin gemunsa.

"Uwargida, ki yafe mini. A talabijin na gani, wallahi ba wanda ya aiko mini. Ina ta son zuwa, ƙafa ta hana. Maigidana, mutumin da bai taɓa cin abinci a hanya ya bar ni ina kallo ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin," in ji Anti Tela.

Bakinta ne ya faɗa, don ya saba, kafin hankalinta ya iso. Ta faɗe shi sarai, babu ƙarar keke da za ta rufe shi.

Daga ɗakin ciki cokali ya bugi kofi.

Kwandasta ya waiga. Auta ya sauko daga kan tebur yana laluben makullin mota. Ita ta miƙe ta shiga, dattijon na biye da ita. Direba yana kwance yadda ta gyara shi da safe, idonsa biyu, a bushe. Ya dubi tsohon yaronsa ya daɗe, sannan ya dube ta. Kwandasta ya zube a gefen gado yana salati, ya kama hannun mai lafiyar ya ƙi saki.

"Maigida, bari in yi maka bayani," ta ce.

Bai ko saurare ta ba. Ya tattara harshensa mai nauyi, kalma na fita da ƙyar, amma kowa a ɗakin ya ji, har Auta da ke maƙale a bakin ƙofa.

"Tashi ka ƙarasa mata gaisuwar," ya ce wa Kwandasta. "Ta yi haƙuri da mamaci."