Saƙar da Mainasara Ya Yanke

A kasuwar Bodinga ko akuya ta san rumfar Mainasara baduku, don fatun danginta da yawa a nan suka ƙare. Gafaka, jakar sa littafi, yake ɗinkawa da tadarishi, wato bangon da ake matse littafi a ciki a ɗaure da igiyar fata. Abin da ya tashi ya tarar kuwa shi ne ba a ɗinke littafi. Warƙa-warƙa ake barinsa, don ɗalibi ya ari biyu ya karanta ya maido.

A shekarar da soja suka karɓi mulki aka rufe iyaka, lokacin da ko sabulu sai an yi masa layi, wata tsohuwa mai suna Kulu ta zo daga Shagari da ƙunshi. Littafi ne na mutanen Farisa da kakanta ya zo da shi daga hajjin ƙasa, gara ta taɓa bayansa.

"Maganar Hwarisa ta, babu malamin da ka jin ta nan," in ji ta. "Ni dai ka maido min shi awa yadda nig gade shi."

Mainasara ya ce an gama. Da ta tafi ya ga littafin a ɗinke, sai ya yi tsaki, har yana tausayinsa. Hannu ya riga tunani: ya sa aska ya yanke zaren da ke kansa don ya saki warƙoƙin.

Sai da aska ta wuce ya dubi abin da ya yanka. Ashe saƙa ce ta alharini ja da kore, faɗinta bai kai na ɗan yatsa ba, an shirya ta kamar kitso, tana riƙe da kowane ƙunshin warƙoƙi ta ciki. Ya buɗe littafin. Takarda santsi kamar bayan ƙwai, rubutu siriri yana gangarowa a karkace, an kewaye shi da ruwan zinariya da wani shuɗi da bai taɓa ganin irinsa a marina ba. A warƙar farko ga hatiman waɗanda suka mallake shi, wani kan wani, wasu sun dushe, a ƙarshe ga sunan kakan Kulu da kaurin rubutunmu na nan. Duk waɗannan mutane sun ratsa teku da hamada da shi, babu wanda ya sa masa wuƙa. Tsigar jikinsa ta tashi, kunya ta rufe shi.

Saƙa ɗaya ta rage, ta gindin littafin. Da ya warware ta, da ya gane sirrin a wuni guda, amma bai yarda ya sake ɓarna ba. Kallonta kawai yake yi, yana kwaikwayo a kan takardar buhun siminti. Alharini ya ɓace a kasuwa, sai matarsa Rahamatu ta zare masa daga tsohon zanen aurenta, tana mita tana zarewa. Damina ta zo ta wuce. Masu jiran gafaka suka gaji suka koma wajen dukawan garin Sifawa, maƙwabta kuma suka ce da tsufansa ya koma koyon kitso. Shi dai ya yi kunnen uwar shegu da su.

Bayan an yanke gero ya gama sabuwar saƙar a kan littafin, ya hau motar Shagari ya kai wa Kulu da kansa. Kulu ta shafa gindin littafin da babban yatsa, ta shafa kansa, ta sake shafawa.

"Wanga zare na kai ba shi na ba," ta ce.

"Ba shi na ba, Inna. Ni niy yanke na hwari. Wanga iyakar hannuna ke nan."

Ta mayar da yatsanta kan tsohuwar saƙar.

"Tun ina ɗiya ƙarama nika shahwa saƙag ga," in ji ta, "ban taɓa tuna cewa mutum yaz zamna yay yi ta ba. Ka san sunanai?"

"Ban sani ba, Inna. Bai rubuta ba."

"To ɗaga hannu mu roƙa mai gahwara. Kai za ka ja addu'a, tun da kai kaɗai kas san wahalad da yas sha."

Mainasara ya ɗaga hannuwansa, ya buɗe baki, sai kuka ya riga addu'ar fitowa.