Burtalin Manu a Gaban Majalisa

Manu ɗan Arɗo Umaru bai taɓa neman kujera ba. A rugarsu da ke bayan Nahuce, a ƙasar Bungudu, an san shi da iya ɗorin ƙafar saniya da kuma rashin gaggawar magana. Da aka kafa sababbin majalisun ƙananan hukumomi a 1976, aka nemi mutum guda daga cikin makiyaya, dattawan ruga suka nuna shi, don ko manoma suna ganin girmansa.

Magana ɗaya aka ɗora masa. Burtalin da shanu ke bi zuwa gulbi yana ta tsukewa, kowace damina sai wani ya ƙara kunya biyu a cikinsa.

Ranar zama yakan bi motar kasuwa zuwa Gusau, ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya zauna a kujerar baya. A fara da hantsi, sai wani kansila daga Tsafe, Alhaji Dogo, ya kama zancen rumfunan kasuwa har azahar, wasu su tashi su maimaita abin da ya faɗa, a watse ba a yanke komai ba. In ya koma gida matarsa Adama ta tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce, “Ba a zo kaina ba.”

Akawun majalisa, Malam Markus, mazaunin Tudun Wada, shi ma abin ya dame shi. Ya kawo shawara a ba kowane mai magana ɗan lokaci ƙayyadadde, in ya cika a kaɗa ƙararrawa, kuma duk maganar da aka saurara sau ɗaya a miƙa ta ga kwamiti, kada a dawo da ita. Manu ne ya fara ɗaga hannu ya yarda.

Tsarin ya yi aiki. A zama na gaba aka gama batun kasuwa da na rijiyoyi tun rana ba ta take ba, aka kira sunan Manu. Ya miƙe, ya gai da shugaba, ya gai da kansiloli, ya tambayi gajiya da iyali, don bai san yadda ake faɗa wa manya damuwa ba tare da gaisuwa ba. Da Fillanci yake tunani, sai ya juya zuwa Hausa a hankali. Yana cewa, “To, burtalin nan namu,” ƙararrawa ta kaɗa.

“Malam Manu, mun ji,” in ji shugaba. “An ba kwamitin gona.”

Da aka fito Markus ya tsayar da shi a inuwar darbejiya. “Baba, ka yi haƙuri. Da ka bar gaisuwar.”

“Wata mai zuwa sai in bari.”

Markus ya sunkuyar da kai. “Maganar da aka ba kwamiti ba a sake kawo ta. Kai ma ka ɗaga hannu.”

Manu ya yi ta zuwa neman kwamitin. Yau a ce shugabansa ya tafi Sakkwato, gobe a ce mutane ba su cika ba. Babu wanda ya kore shi, babu wanda ya yi masa tsawa, har ruwan sha ake ba shi. Ana haka ruwan shuka ya sauka. Gero ya tsiro a tsakiyar burtalin, sai ’yar siririyar hanya da saniya biyu ba sa jerawa.

Ƙanensa Jibo bai jira kaka ba. Ya kwashe garken gidan ya yi kudu ta bayan Tsafe, gidaje da dama suka bi shi. Da za su tafi ya ce wa Manu, “Kai zauna, kai ne na majalisa.” Ba da izgili ya faɗa ba.

Ya ci gaba da zuwa zama har wa’adinsu ya ƙare. Ya koyi ɗaga hannu a kan lokaci, bai sake neman magana ba. Shi da Adama suka rage a tsohuwar rugar da shanun tatsa uku, yana yanko masu ciyawa a bakin gonakin mutane, yana noma ’yar dawarsa.