Hancin Baƙuwar Kaka

Kakata ta wajen uba Bafulatana ce, kuma ba ta bari a manta. A Saji aka haife ta, a gidan da aka sayar da shanu aka kama noma tun kafin ta yi wayo, don haka abin da ya rage mata na Fillanci bai wuce gaisuwa ba. Amma in ta zauna kan agalemi tana jan carbi, duk wanda ya gifta sai ta auna hancinsa da ido, ta faɗi asalinsa. Mahaifiyata Bahaushiya ce, ita kuwa Kaka "Kaɗuwa" take ce mata, wato macen Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe. Ni ma ban tsira ba.

"Ke dai kin yi asara," takan ce. "Hancin uwarki kika kwaso, kamar an taka gurasa."

Lokacin da na fara koyarwa a Rano na yi ƙawaye biyu. Ɗaya fara ce sol, doguwa, hanci har baka, mahaifinta mahauci ne a Kibiya. Ɗayar baƙa ce, gajeriya, mai faɗin fuska, a rugar da ke bayan Madachi ta tashi, sai da ta shiga firamare ta iya Hausa. Na gayyace su gidanmu ran wata Asabar. A hanya na roƙe su kada kowa ta faɗi 'yar gidan wa ce.

Muna yin sallama Kaka ta dubi farar, fuskarta ta washe.

"Zo nan kusa da ni, 'yata. Jini ba ya ɓuya."

Ta matsa mata a kan agalemi, ta sa aka dama fura da kindirmo, suka sha a ƙwarya ɗaya. Baƙar kuwa ta nuna mata tabarma can gefen turmi, ta ce in ba damuwa ta taya mahaifiyata tsince shinkafa. Ƙawata ta ɗauki faifai ba musu, tana danne dariya.

Da fura ta zauna, Kaka ta gyara murya, ta dafa kafaɗar baƙuwarta, ta jefa mata gaisuwar da take ji da ita.

"Jam ɓandu na?"

Farar ta yi murmushi ta ce, "Na'am, Hajiya?"

Sai amsa ta taso daga gefen turmi. "Jam tan." Kuma ba ta tsaya nan ba. Ta saki Fillanci tiryan-tiryan, tana tambayar lafiyar gida da ta dabbobi, hannunta na cikin shinkafa. Kaka ta yi ta cewa "jam, jam," har inda ba jam ake cewa ba. Mahaifiyata ta shige madafa da sauri, muna jin tana tari.

"Ai tun shigowarta na gane ta a tafiya," in ji Kaka. "Gwada ta nake. Rana ce ta ƙona ta wajen kiwo." Ta juya wajen farar. "Ke fa, 'yar wane gida ce?"

"Babana mahauci ne, Hajiya. Ga kilishi ma ya ce a kawo miki."

Kaka ta dubi ƙwaryar da suka sha, ta dubi ƙunshin. Sannan ta karɓa, ta ce lallai a bincika, ba za a rasa Bafulatana cikin kakanninta ba.

Bayan sun tafi na sha carbi a gadon baya, ina dariya tana ƙarawa. Kilishin kuwa ko ɗanɗane ba ta ba kowa ba.

Daga baya ita da kanta take aikena in kira mata 'yar Madachi. Sai su shige ɗaki su saki labule, Kaka tana karɓar darasi a asirce. Kafin damina ta fita ta koyi kalmomi da dama, yawancinsu na tsiya, kuma a kan mahaifiyata take gwada su. Mahaifiyata ba ta jin ko ɗaya, sai ta riƙa amsawa da "amin, Hajiya."