Abin Da Frau Laible Ba Ta Rubuta Ba

Roswitha Laible tana da shekara goma sha bakwai ta shiga kamfanin Brenzle, sanye da siket ɗin yayarta da takalmin da ya matse mata ƙafa. Uwarta ce ta raka ta har bakin ƙofa. A garin Ermlingen na wancan zamani, in ba a masaƙa kake ba to a Brenzle kake, masaƙar kuwa ta riga ta fara tangaɗi. Aka zaunar da ita gaban tafireta a ɗakin 'yan mata takwas, ta koyi gajeren rubutun sakatarori har ta fi malamarta sauri. Bayan shekara goma sha biyu mai kamfanin, Eberhard Brenzle, ya ɗauko ta zuwa ofishinsa na hawa na biyu, kuma nan ta zauna har gashinta ya yi furfura.

Abin da kamfanin yake ƙerawa shi ne nozul, wato bakin feshin mai, da famfon mai na injin dizal, mutum ɗari shida ke ci daga jikinsa. Ma'aikata Maigida suke kiran Eberhard, ko a bayan idonsa. Mutum ne mai faɗa da saurin sauka. Ya san sunan 'ya'yan masu shara, kuma ba ya son a ce masa ya yi kuskure. Lokacin da mijin Roswitha, Ottmar, ya kwanta ciwon baya wata bakwai, Maigida ya ce ta riƙa tashi da azahar, bai taɓa tayar da zancen ba daga baya. Ranar da aka binne uwarta ya zo ya tsaya cikin ruwan sama ba laima har aka gama. Duk da haka shekara talatin suna tare bai taɓa kiran ta Roswitha ba, Frau Laible yake cewa, wato Malama Laible, ita kuma ta ce Yallaɓai.

Aikin da ta fi alfahari da shi shi ne rubuta bayanin taron majalisar kamfani. Sau huɗu a shekara ake zama, mutum bakwai: Maigida, 'yan uwansa biyu masu hannun jari, wani tsohon ma'aikacin banki, da shugabannin sassa uku. Ita tana gefe kusa da butar kofi da littafinta. Gwanintarta ita ce mayar da cacar baki ta zama magana mai ladabi. In an yi awa guda ana ɗaga murya, ita sai ta rubuta cewa an yi musayar ra'ayi. Ottmar yakan zolaye ta da cewa da ita aka sa ta rubuta labarin yaƙin duniya, da cewa za ta yi maƙwabta sun ɗan samu saɓani.

A taron kaka na shekarar 2016, shugaban sashen ƙirƙira, Dakta Gernot Sautter, ya nemi a ba shi minti ashirin, ya ci arba'in. Dogo ne siriri, ba shi da iya zance, yana magana yana kallon takardarsa. Ya ce mota mai lantarki ba ta da nozul, ba ta da famfon mai, kuma manyan masu sayen kayansu sun fara karkata can. Ya ce hannun da ya iya huda ramin da ya fi gashi siranta zai iya ƙera kayan aikin asibiti ko na injin sanyaya batir, amma sai an ware injiniya goma sha biyu tun yanzu, a bar su su yi shekara uku ba a tambaye su riba ba. In an jira sai oda ta ragu, a cewarsa, za a makara.

Maigida ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. Ya ce tun Dakta yana cikin zanen goyo ake yi wa dizal jana'iza, ga shi har yau tarakta da tirela shi suke sha. Ya ce ubansa bai gina wurin nan don a mayar da shi ɗakin wasan yara ba. Sauran suka sunkuyar da kai, mutumin banki ya duƙufa yana shafa bota a kan burodinsa. Aka wuce zuwa batun rufin sito.

Washegari Roswitha ta buga shafi biyu cur kan jawabin Dakta, domin har cikin ranta ta ji maganar ta shige ta. Maigida ya karanta a tsaye, ya zaro koren alƙalaminsa, ya ja layi tun daga sama har ƙasa. A gefe ya rubuta: an tattauna yanayin kasuwa, an amince a ci gaba kan tsarin da ake kai. Ya miƙo mata ba tare da ya ɗago ba. Ta koma ta buga yadda ya ce. Ba ta ma yi dogon tunani ba, domin ta yi irin haka sau ɗari.

Da takardar ta zaga, Dakta ya hau bene ya tsaya gaban teburinta da ita a hannu.

"Frau Laible, ranar Alhamis ɗin nan mafarki na yi, ko kuwa na yi magana a ɗakin can?"

"Kun yi magana, Dakta. Amma shawarar da aka yanke ake rubutawa, ba duk abin da aka faɗa ba."

"To, ashe minti arba'in ɗina da bango na yi su."

Ya yi ɗan murmushi ya sauka. Bayan shekara biyu ya sake tayar da batun, wannan karon a taƙaice, murya ƙasa-ƙasa. Ita kuma ba ta jira koren alƙalami ba, da kanta ta rubuta wancan layi ɗayan.

Abin da ya faɗa ya zo, a hankali da farko, daga baya kamar ambaliya. A 2021 babban mai sayen kayansu ya sanar cewa injin da ake yi wa nozul ɗin shi ne na ƙarshe. Cikin watan da aka yi sanarwar Maigida ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. 'Yarsa Friederike, lauya ce a Hamburg, ta dawo ta hau kujerar. Roswitha ta san ta tun tana zuwa ofis da jakar makaranta tana cinye mata alewar da ke cikin durowa.

'Yan uwan Maigida masu hannun jari suka taso Friederike a gaba. Suna son a gaya musu wa ya yi barci har aka shigo wannan hali. Aka ɗauko masu ba da shawara daga Stuttgart, samari uku masu riguna iri ɗaya, suka karanta bayanin taro na shekara goma. Ba su ga wuri ɗaya da sashen ƙirƙira ya ja kunnen majalisa ba. Dakta ya ce ya ja, har sau biyu, ya fito da takardunsa. Suka ce kowa na iya ajiye takarda a durowa, abin tambaya shi ne ko ta je gaban majalisa. Mutumin banki ya rasu. 'Yan uwan biyu suka ce ba su tuna ba, don tunawar tana nufin su ma suna zaune aka faɗa. Cikin sauran shugabannin sassa biyu, ɗaya ya bar aiki ya koma Austriya, ɗayan yana tsoron kujerarsa.

Wata Talata da hantsi Friederike ta kira ta, ta rufe ƙofa, ta zauna a kan hannun kujera maimakon bayan tebur. Idanunta sun faɗa.

"Frau Laible, ke kina nan a kowane zama. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, ya kawo maganar nan gaban Baba?"

Roswitha ta dubi kujerar Maigida, da matashin da ita ta saya masa saboda ƙugunsa. Kwana biyu kafin nan ta je duba shi, ta tarar ana ba shi miya da cokali tana zubowa ta gefen baki, ya kawar da kai don kada ta gani. In ta ce e, ta san gobe duk garin zai ji cewa tsohon da ke kwance shi ya toshe kunne ya kai mutum ɗari shida bakin rami. Za a kuma tambayi wa ya share maganar daga takarda.

"Iyakar abin da nake tunawa," in ji ta, "ya taɓo batun cikin sauran batutuwa."

Friederike ta daɗe tana kallon ta, sannan ta yi godiya. Ƙarshen watan aka sallami Dakta Sautter, saura wata takwas ya cika shekara talatin a kamfanin. A takardar da aka manna wa ma'aikata aka ce za a kawo sabon jini mai hangen nesa. Roswitha ce ta buga takardar. Ranar da ya kwashe kayansa ta shige ɗakin ajiyar fayil ta yi awa biyu tana jera abin da yake a jere.

Sallamarsa ba ta ceci kowa ba. Shekarar da ta biyo baya aka rage mutum ɗari da tamanin. A gidan shan giya na bakin kasuwa sunan Dakta ake kira, wai shi ne ya zauna yana cin albashi bai ga komai ba. An ɗora masa jakar tsaba, kaji kuwa suka bi shi. Matarsa ta daina zuwa ƙungiyar mawaƙan coci.

Roswitha ta yi ritaya a 2023, aka ba ta furanni da kwandon giya. Ta ɗauka in ta bar hawa na biyu abin zai bar ta, sai ya ƙara samun wurin zama. Ranar Asabar a kasuwa ta hango kan Dakta sama da na kowa, ta laɓe bayan rumfar mai dankali har mai rumfar ya tambaye ta ko ta yar da wani abu ne. Ta koma sayayya a garin maƙwabta. Ottmar ya zura mata ido wata da watanni, sai wata rana suna cin abincin rana ya ajiye cokali ya ce shekara arba'in yana cin girkinta, bai taɓa jin ta manta gishiri sau uku a mako ɗaya ba, ta faɗi abin da ke cin ta. Ta faɗa masa duka. Bai yi mata faɗa ba, bai kuma lallashe ta ba. Ya ce, "Rosi, tsohon ya yi miki alheri, gaskiya ne. Amma da fatar wani kika rama masa."

Litinin ta je wurin Friederike ta gyara maganarta. Ta ce minti arba'in ya yi, ta kawo abin da ya faɗa kusan kalma da kalma, ta faɗi abin da koren alƙalami ya yi da abin da ita ta yi da hannunta karo na biyu. Friederike ta saurara har ƙarshe. Ta ce tun ranar ta zargi haka, domin ta san ubanta, amma ita ma amsar da aka ba ta ita take son ji. Ta sa aka rubuta gyara aka haɗa da tsohon bayanin, ta aika wa Dakta wasiƙa. A allon ma'aikata ba a manna komai ba. Lauyoyin kamfani sun ce kada a yi.

Sai da Roswitha ta ƙara mako uku kafin ta iya zuwa gidan Dakta. Matarsa ta buɗe ƙofa, ta nuna mata bayan gida da haɓa, ba ta yi mata tayin kofi ba. Ta same shi a kan tsani yana sassabe reshen tuffa. Yanzu yana koyar da masu koyon sana'a kwana biyu a mako. Ya sauko, ya cire safar hannu, ta faɗi abin da ya kawo ta tana kallon ciyawa.

Ya ce ya ga wasiƙar. Ya ce mutum bakwai ne a ɗakin, ita ce ta takwas, kuma ita kaɗai ce ba ta da ƙuri'a. Shi kansa a taro na gaba da aka tambaya ko an amince da bayanin zaman baya, ya ɗaga hannu tare da kowa, domin yana da 'ya'ya biyu a jami'a kuma ba ya son a sake buga masa tebur.

"Wannan na yafe wa kaina da ke tun tuni," in ji shi. "Ta ranar Talatar nan ce ban san yadda zan yi da ita ba. An tambaye ki kai tsaye, Frau Laible."

"An tambaye ni."

"To."

Ya tambayi lafiyar Ottmar, ta ce da sauƙi. Ya mayar da safar hannunsa, ta gane an sallame ta.

Ta koma sayayya a kasuwar Ermlingen. In sun haɗu yakan ɗaga mata kai, matarsa kuwa sai ta juya tana duba farashin kabeji. Kamfanin yana nan da mutum ɗari uku da ɗoriya, sun fara ƙera wasu ƙananan bawul masu buɗe hanyar ruwa ko iska a injin asibiti, shekara bakwai bayan lokacin da ya kamata. Duk ranar Alhamis Roswitha takan je gidan kula da tsofaffi ta karanta wa Maigida jarida, ta gyara masa bargo. Ba ta gaya masa ta je ta warware maganar ba. Sau biyu ta fara, sai ya zuba mata ido yana jira, ita kuma ta juya shafi ta karanta masa sakamakon ƙwallo.