Gwandar Dajin Kwatarkwashi

Har in koma ga Allah ba zan manta da safiyar da na ƙi bin umarni a gindin dutsen Kwatarkwashi ba. Ku yaran yanzu da kuka tarar da ni da furfura kuna cewa Baba Garba ba shi da faɗa, to ku saurara.

A shekarun 1950 ne, zamanin En'e, ina malamin daji a ƙasar Bungudu. Farkon damina aka aiko daga Gusau cewa a share wani fili a dasa dalbejiya, don garin ya samu itacen girki nan gaba. Ƙa'idar aikinmu kuwa ita ce, lebura ba ya ɗaga adda a gandun daji sai malamin dajin yankin ya wuce gaba ya shafa jan fenti a kan iyaka. Wanda ya yi sara kafin haka, sai gaban alƙali.

Filin nan gwandar daji ce zalla. Ga wanda bai san ta ba, 'yar gajeriya ce, da ƙyar take kai ƙirjin mutum. Ganyenta faffaɗa ne, in ka murza shi ka ji ƙamshi. Furenta ana sa shi a miya. 'Ya'yan kamar ƙwan kaza suke, kore ne, in sun nuna su koma ruwan ɗorawa, ga zaƙi, ga ƙwallaye. Wuta takan cinye ta da rani, ta sake tohowa daga saiwa.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbuna sun yi ƙaf, geron bana kuwa ko kai bai fitar ba. Da na isa da gwangwanin fentina, sai na tarar da wata tsohuwa, Inna Tumba, tana naɗe ɗanyun 'ya'yan da ganye don kada tsuntsu ya riga jikokinta. Ta dube ni ta ce, "Malam, mun ji abin da ya kawo ku. Ku bari ta nina mana, saura kaɗan. Ita munka sa ma ido."

Na duba filin, ko'ina ganye a ɗaure. Kowane gida ya yi nasa. Wallahi raina ya ɓaci. Na ajiye gwangwani na zauna a kan dutse.

Da hantsi Malam Bawa, babban malamin daji, ya iso a kan keke. Ba mugu ba ne, shi ma gwandar nan ya sha yana yaro, amma yana tsoron na sama da shi. Ya ce, "Garba, me kake jira? In ruwa ya yi nisa dashe ba zai kama ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, dalbejiya ta jira baɗi. Yunwa ba ta jira."

"Umarni ne."

"Na ji. Ba zan shafa ba."

Ya sassauta murya ya ce in tuna ina da iyali. Na ce ina sane, su ma waɗannan iyali ne. Ya juya ga leburorin da ke tsaye suna jira ya ce su fara. Babbansu ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, ba mu ga ja ba." Malam Bawa na iya ɗaukar gwangwanin da kansa, yana nan a gabansa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya hau kekensa ya ce zai kai rahotona Gusau.

Ya kuwa kai. Aka kira ni, aka wanke ni tas, aka rage mini muƙami, aka jefa ni Bilbis can ƙasar Tsafe. Abokan shigata aiki duk suka wuce ni, har na yi ritaya ban kamo su ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Amma kun san tafiyar ofis. Kafin a naɗa wani a madadina, ya kwaso iyalinsa, ya zagaya ya san iyakokin gandu, gwanda ta nuna an shanye ta, gero ya shigo gida. Sannan aka share filin.

Abin da na koya shi ne, aikin daji ba tsaron itace kaɗai ba ne, akwai mutane a bayan kowane kurmi, kuma ofis ba ya hango su. Kai da ke tsaye a wurin, kai ne idonsa. In an ba ka umarnin da zai kwana da yara da yunwa, ka faɗi a'a da bakinka, ka tsaya a hukunta ka. Ni an hukunta ni, kuma ko gobe aka maido ni gindin dutsen nan, ba zan shafa ba.