Filin da Iyatu Ta Bar Mini a Jikin Allo

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa. Ranar Talata, 14 ga Mayu 2024, bayan Azahar, ina zaune a tabarmar da nake sayar da sassaƙe a kasuwar New Bell, nan Duwala, aka zo mini da labarin Malama Iyatu Idirisu ta cika, bayan jinyar sati uku. Ita ce mai zagayawa da jama'a a lambun itatuwan nan da muke kira jardan, can gaba da Yassa, tana koya musu sanin icce da daji. Ni ban yi lekol ba, wato boko. 'Yata Rahma ke rubuta wannan, na kuma hana ta gyara mini magana.

Iyatu, ba da daɗi muka fara ba. Kin same ni da wuƙa a jikin maɗacin jardan, saura kaɗan in zagaye shi. Mai gadi zai kira 'yan sanda, kika ce ya bari, abokin babanki ne. Kika kai ni gindin wani busasshen icce da wani ya yi wa irin aikina, kika ce a ɗebi ɓawo gefe biyu, a bar gefe biyu, icce ya rayu. Na ce tun ba a haife ki ba nake sassaƙa. Kika ce, "Gaskiya ne, Baffa. To me ya sa yanzu sai kun yi awa uku a mota kafin ku samu?" Ban taɓa ce miki kin yi gaskiya ba, amma tun ranar gefe biyu nake ɗiba.

Kowane icce a jardan da allonsa, Faransanci da wani harshen malamai. Matan unguwa da kike tarawa ranar Asabar, wasu a bensikin, babur ɗin haya, da goyonsu, sai su wuce allon kamar bango. Shi ya sa kika zo tabarmata da littafi, ina faɗin sunan Hausa kina rubutawa: rimi, loko, namijin goro, har sittin da uku. Ranar da Kulsum mai ƙosai ta ji da loko aka sassaƙa turminta, tsayawa ta yi ta yi masa sannu da aiki.

Guda ɗaya na hana ki: mai jan ɓawon nan na bakin rafi. Babu shi a arewa. Mahaifina da abokan sana'arsa ne suka raɗa masa suna da suka iso Duwala, kuma ba a faɗin sunan da amfaninsa sai ga ɗan da zai gaji tabarma. Nawa duk ofis suka tafi. Ba ki matsa mini ba, sai kika sa aka bar fili a ƙasan allon. Shekara goma sha ɗaya, duk sanda aka sake fenti, ki ce, "Filinka na nan, Baffa." A gadon asibiti ma kin faɗa, na ce sai kin warke.

Ɓoɓɓo, wanda ya san sunan tare da ni, ya rasu bara. Saura ni, ga ƙafa ta fara ƙi. Asirin da na tsare wa magaji, ashe magajiyar tana zuwa da littafinta ina kora.

Don haka ranar Asabar bayan addu'ar bakwai zan je jardan. Malam Sulaiman, ka zo da fentin da matarka ta ajiye. Rahma ta ce in faɗi sunan nan a takarda, na ƙi. A gindin iccen za a fara jin sa, gaban matan Asabar, da yadda ake ɗibar ɓawonsa ba a kashe shi ba.

Ki yafe mini jinkiri, Iyatu 'yata. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane icce da ya rayu ta dalilinki ya zame miki sadaka mai gudana. Ina yi wa Malam Sulaiman da yaranku, da gidan marigayi Idirisu, da abokan aikinki ta'aziyya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kai ƙafata Asabar.

Jibirin mai sassaƙe, New Bell