Gurbin Hali a Katin Gwaggo Rabi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ba zan tsaya jera muku kirari ba, don ita kanta ba ta son sa, ni kuma ba ni da haƙurin yin sa. Malamar makarantar 'yan mata ce, ta koyar a Tsafe, ta ƙare a Bungudu. Ba ta bar gida ba, ba ta bar mota ba. Abin da ta bari yana cikin tsofaffin akwatunan mata da yawa a ƙasar nan: layi biyu na rubutu da jan biro a ƙasan katin sakamako.

Duk wanda ya yi makaranta ya san gurbin nan. Bayan an jera makin lissafi da Turanci da sauransu, can ƙasa akwai ɗan fili da aka ware wa malamin aji ya faɗi halin ɗalibi. Yawancin malamai kalma ɗaya suke dangwalawa su wuce. Gwaggo kuwa sai ta kwashe mako guda a kan wannan gurbi kaɗai. Dokarta ita ce ba ta rubuta wa yarinya hali a bayan idonta. Ƙarshen zango in ya zo, sai ta fitar da kujera gindin darbejiyar da ke bayan ajinmu, ta riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Za ta faɗa miki abin da take shirin rubutawa, da Hausa, ta ce, "Kin yarda ko kina da ja?" In kina da ja, ta saurare ki. Na sha ganin ta soke abin da ta yi niyya saboda yarinya ta kawo hujja. Sai an gama wannan take buɗe biro.

Kuma ba ta rubuta "mai ladabi" ko "marar kunya". Abin da kika aikata take rubutawa. Akwai wadda ta samu, "Tana share har inda ba a dubawa." Akwai wadda ta samu, "Tana gaida malamai, ba ta gaida mai gadi." Idan aka ce mata hali zanen dutse, sai ta ɓata rai. "Da zanen dutse ne, mi ya hito da ni daga gida da sahe?" Shi ya sa, in ji ta, ake ba da sabon kati kowane zango.

Ni na ɗauka tunda a ɗakinta nake kwana, gurbina ba zai taɓa ɓaci ba. Ba na sata, ba na ƙarya, ba na makara. Bakina ne kawai ba shi da linzami, kuma a lokacin ina ganin ado ne.

Muna aji biyu aka ba ni monita, ni ke riƙe da sunayen masu fashi. Akwai wata Murja a ajinmu, 'yar Bilbis, tana zaune wurin kakarta a cikin Tsafe. Duk ranar kasuwa ba ta zuwa makaranta, washegari ta ce ciwon ciki. Wata ranar kasuwa bayan an tashi, Gwaggo ta aike ni sayen kayan miya, sai ga Murja a bakin tasha da faranti a ka, tana tallar daddawa, lafiyarta ƙalau. Ta gan ni, ta sunkuyar da kai. Washegari a taron safe shugabar makaranta ta fito da masu fashi, ta tambayi Murja dalili. Kafin ta buɗe baki na ɗaga murya daga cikin layi: "Ƙarya take yi, Malama! Tallar daddawa take zuwa, da idona na gan ta!"

Makaranta ta kwashe da dariya. Kafin a shiga aji an raɗa mata suna. In ta wuce sai a toshe hanci. Mako biyu ta jure, sannan ta daina zuwa gaba ɗaya.

Gwaggo ba ta ce mini komai ba a gida. Muka ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya har ƙarshen zango, ranar da layi ya zo kaina a gindin darbejiya. Na zauna ina murmushi.

Ta ce, "Zan rubuta: ba ta ƙarya, amma ba ta koyi inda ake ajiye gaskiya ba tukuna. Kin yarda ko kina da ja?"

Na ce ina da ja. "Gwaggo, ƙarya na yi mata?"

"A nan ni Malama ce. A'a, ba ki yi ƙarya ba."

"To mi ne laifina?"

"Da kika hwaɗi maganar, wa kike kallo? Murja, ko masu dariya?"

Na san amsar. Sai a nan ta gaya mini ta daɗe da sanin inda Murja ke zuwa. Kakar ba ta gani sosai, daddawar nan ce abincinsu. Gwaggo tana zama da Murja lokacin tara ta maimaita mata darasin da ya wuce ta, tana lallaɓa shugaba a hankali a ba ta uzuri. Abin da ta yi wata uku tana ɗinkewa, na farke shi da numfashi ɗaya. Magana zarar bunu ce. Ta buɗe biro ta rubuta a gabana, na kai wa Baba katin Gusau da hannuna, ya karanta ya dube ni, ya ce, "Rabi ba ta ƙara gishiri."

Cikin hutun nan Gwaggo ta sa ni a mota muka tafi Bilbis, inda Murja ta koma wurin uwarta. Gwaggo ta tsaya a zaure ta ce in shiga ni kaɗai. Ban taɓa jin tafiya mai nisa kamar daga zauren nan zuwa tsakar gida ba. Na ba da haƙuri gaban uwarta da matan gidan. Murja ta dawo makaranta, ta gama aji uku. Amma kada in yi muku daɗin baki: sunan bai bar ta ba har muka rabu, kuma ba ta taɓa zama ƙawata ba. Tana da gaskiya. Haƙuri yana gyara tsakani, ba ya mayar da abin da ya zube.

Bayan shekara biyu Gwaggo ta rubuta wa 'yar wani babban mutum abin da ta gani, bayan ta zaunar da ita kamar kowa. Aka nemi ta sauya, ta ce a kawo hujja. Ba a kawo ba. Zango na gaba takardar canjin wurin aiki ta zo, zuwa Bungudu. Ba wanda ya ce saboda katin ne, ba kuma wanda bai sani ba. Ta naɗe tabarmarta ta tafi, ta samu wata bishiyar a can. A Bungudu ciwo ya kama ta, a can ta cika. Ranar sadakar uku na ga abin da ban zata ba. Mata masu goyo, waɗanda ban taɓa gani ba, suna zaune suna faɗa wa juna abin da ta rubuta musu, kalma da kalma. Ba wadda ta tuna makin da ta ci a lissafi.

To, yau fa? Ni ban wuce sakandare ba, amma na koyi kwamfuta, kuma ina aiki a ofishin wata makarantar kuɗi a nan Gusau. Ni ke buga katin sakamako. Gurbin hali yana nan, sai dai yanzu ba a rubuta shi, zaɓa ake yi. Jimloli biyar ne a cikin na'ura, da Turanci, duk na yabo. Ka latsa ɗaya ta faɗa kan sunan yaro. Da rana ɗaya nakan gama wa makaranta gaba ɗaya hali. Wani lokacin malamin da ya zaɓa bai ma san fuskar yaron ba. Ga kuma "ilimi da tarbiyya" an rubuta da manyan baƙaƙe a jikin katanga da jikin motar ɗaukar yara.

Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce. Na san ba za ta zagi na'ura ba, mace ce mai son sabon abu. Ba za ta ce yaran yanzu sun lalace ba, wannan maganar ragwaye ce, kuma ta tsane ta. Yaran da suka tashi suna jin labarin hanyar da ba ta biyuwa da ƙauyen da aka tasa, aka rufe musu makaranta aka buɗe, ba su ne suka lalace ba. Ina jin tambaya ɗaya za ta yi mana: wa ya zauna da yaron nan? Muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba mai son ya kai hannu, kowa na tsoron kada uban iccen ya kwashe 'ya'yansa ya kai wata makaranta.

Zangon da ya wuce abin ya zo teburina. Akwai wata yarinya a aji biyu, ba zan faɗi sunanta ba, kanta na ja ƙwarai. A ajinsu akwai mai in'ina. Duk sanda mai in'inar ta tashi amsa tambaya, sai wannan ta kwaikwaye ta, aji ya ɗauka. Har ta kai mai in'inar ta daina ɗaga hannu, ta daina magana ko a filin wasa. Malamar ajin, sabuwa ce, ta ƙi zaɓa daga cikin biyar ɗin, ta rubuto da hannu a takarda cewa yarinyar tana da ƙoƙari amma tana wulaƙanta 'yar ajinsu. Hajiya mai makaranta ta gani, ta ja layi a kai, ta ce in sa ta farko, wadda ke cewa ɗabi'arta abar koyi ce. 'Ya'yan gidan huɗu ne a makarantarmu.

Wallahi maganar ta zo mini har maƙoshi. Malamai cike da ofis, kuma na san irin jimlar da zan saki kowa ya yi tsit. Sai na ji tambayar nan ta gindin darbejiya: wa kike kallo? Na haɗiye. Na jira har ofis ya watse, na bi Hajiya ɗakinta na rufe ƙofa.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, hannuna ba zai buga wannan ba. A kira yarinyar a faɗa mata abin da malamarta ta gani, a ji ta bakinta. In malamar ta yi kuskure a gyara."

Ta ce, "Ke aka ɗauka ki buga, ko ki koya mini aiki?"

"In buga, Hajiya. Amma ban da abin da na san ba haka yake ba."

Ta ce in je in yi abin da aka sa ni. Na koma na buga katin, maki duk daidai, na bar gurbin hali fari fat. Na kai mata na nuna mata da yatsa, don kada a ce na yi a ɓoye. Tana cikin sallamar baƙi, ta harare ni, ta sa hannu.

Abin da yabo na shekara da shekaru bai yi ba, farin gurbi ya yi shi cikin kwana ɗaya. Washegari da hantsi sai ga uban, Alhaji ne ma'aikacin gwamnati, da katin a hannu. Ya ce 'ya'yansa uku an yabe su, mi ya sa na ɗiyarsa ba komai? Hajiya ta ce a kira wadda ta buga ta yi bayani da bakinta. Na roƙi a kira malamar ajin da yarinyar, a kuma rufe ƙofa. Malamar ta faɗi abin da ta gani. Ni na juya ga yarinyar, ita nake kallo ba kowa ba, na ce, "Kin yarda ko kina da ja?"

Ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Sannan ta ce, "Wasa nike yi." Na ce na sani, ni ma wasa na ɗauka nawa, na ba ta labarin Murja a gaban ubanta. Ban taɓa ba wa kowa shi ba sai ranar. Sai Alhaji ya ce, "Uwarta ta hwaɗa min tana yi wa ƙannenta haka. Na ce ƙuruciya ce." Ya miƙa wa malamar katin ya ce ta rubuta da hannunta.

Ban san ko yarinyar za ta sauya ba, zango ɗaya ba ya nuna haka. Ban san ko zai bar 'ya'yansa a wurinmu ba. Ni dai an ba ni takardar gargaɗi, an ce in jira kira kafin a koma hutu, kuma har yau wayata ba ta yi ƙara ba. Ina son aikin nan, da shi nake taimakon Inna, mahaifiyata. In an kira ni zan koma, kuma duk gurbin da aka ce in cika da abin da ba a gani ba, fari zan bar shi. In ba a kira ba, akwai wasu makarantun, su ma suna da gurbin.

Ga malamai 'yan'uwan Gwaggo, roƙona ɗaya ne, kuma ba ya bukatar takarda daga sama. Ku fitar da kujera. Ku faɗa wa yaro abin da kuka gani a gaban idonsa kafin ku rubuta, ku bar shi ya yi ja.

Katina na ƙarshe daga hannunta yana nan cikin akwatina, jan biron ya fara komawa ruwan ƙasa. Na aji uku ne, shekara guda bayan Bilbis. Ta rubuta: "Ta fara jira a watse kafin ta yi magana. Da saura." Shekara bakwai tana kwance a Bungudu, kuma har yau ba ni da ja.